Abin da Na Cire Daga Akwatinki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga autata Sahadatu, daga Mmanki Barikisu, nan tsohon Zango, Kumasi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin sanyin rai, Ya tsare min ke a hanyar da za ki kama, ta ƙasa da ta sama. Kada ki yi min dariya don na rubuto miki wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. Na san halinki. In na zaunar da ke na ce ga magana, tun ban kai rabi ba za ki sunkuyar da kai ki ce "To, Mma," ni kuwa wannan "to" ɗin naki ne ya sa na nemo biro.

In kin dawo daga Ayigya wajen sallama da malamanki, za ki tarar an taɓa miki akwati. Ni ce, ba ɓarawo ba. Jiya na shiga ɗakinki neman almakashi, sai na ga rigar sanyin nan da muka sha yawon kasuwar Kejetia kafin mu same ta, an yar da ita a kan gado tare da manyan littattafanki. Na ce to me ya kori waɗannan? Da na ɗaga murfin akwatin sai da na nemi wuri na zauna. Ga kwalaben shito, soyayyen barkonon nan, na maƙwabciyarmu Mma Adiza zuwa ga ɗanta a Jamus, ga ƙullin daddawa, ga busasshen kifi, ga atamfar yayi da mata za su ɗinka iri ɗaya a bikin da za a yi a Italiya, ga wata gora cike da jiƙo ko sunan abin da ke ciki babu a jikinta. Kowane ƙulli da sunan garin da ba can za ki ba. Mutanenmu dai Turai unguwa ɗaya ce a wurinsu, gani suke kamar daga nan ne zuwa Dichemso, ki hau motar haya ta trotro ki miƙa ki dawo kafin azahar.

Wannan ma wanda ake ɗaurewa da leda ke nan. Akwai wanda aka zuba miki a kunne, kuma ya fi nauyi. Mai cewa ki samo wa ɗansa takardar gayyata, mai cewa ki binciko mata mijinta da ya yi shiru, mai son waya, mai son ki yi wa jikansa hanyar makaranta. Ina tsakar gida ina jin ki, kowa ya zo "To, insha Allahu." Ba ki ce wa ko mutum ɗaya a'a ba. Ga shi ke da bakinki kika gaya min wurin nan na gwaji aka ba ki, in sun ga aikinki su riƙe ki, in ba su gani ba su sallame ki su ɗauki wani. Abin da nake tsoro ke nan, Sahadatu, kada ki je can ki zama 'yar aiken Zango, aikin da ya kai ki ya kuɓuce miki.

Ba zan ce na gane aikin nan duka ba, amma na riƙe abin da kika faɗa min ranar da muke tsince shinkafa. Kin ce akwai wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, suna ratsa bango, suna ratsa mutum ma bai sani ba, kuma masu ilimin fiziks suna son ganin hanyar da suka bi. Sai a ƙera akwati a cika shi da gas, a shimfiɗa siraran wayoyi a ciki a ba su wuta. In abin ya ratsa gas ɗin sai ya bar sawu, wayoyin su jawo sawun su kai wa na'ura labari. Ke kuma naki shi ne ki fara gina akwatin a cikin kwamfuta tun ba a yanka ƙarfe ba, ki gwada wannan haɗin gas ki gwada wancan, ki matso da wayoyi ki nisanta su, ki ƙara wuta ki rage, har ki gano wanda ya fi fito da sawun. Kin ce wani gas ɗin da aka daɗe ana aiki da shi yana ƙara wa duniya zafi in ya fita, shi ya sa ake neman madadinsa, kuma cikin masu neman har da ke. Na tambaye ki ko irin wanda muke girki da shi ne, kika yi dariya har kika zubar min da shinkafa. Na ji daɗi ranar, ban dai nuna miki ba. Abin da na fahimta shi ne aiki ne mai son mutum ya zauna da hankalinsa gaba ɗaya, ba rabi a kwamfuta rabi a tashar jirgin ƙasa da kwalbar shito a hannu ba.

Kuma ba ruwanki, a nono kika sha. Kakanki ya sauko daga Tawa da albasa, wani ya ba shi ɗaki bai san shi ba, shi ma da ya yi gida bai taɓa rufe zaure ba. Haka na tashi na gani, wanda zai yi tafiya shi ne gidan wayan unguwa. Da na fara zuwa Lome sarin atamfa, tun kina goye, har alfahari nake yi a ce Barikisu ba ta mayar da saƙo. Wata tafiya wata mata, Allah Ya jiƙanta, ba zan kama suna ba, ta kawo min ƙulli ta ce kayan yaji ne in kai wa ƙanwarta. Na cusa a jaka ko shinshinawa ban yi ba, don buɗe saƙon mutum a gabansa rashin kunya ne a wurinmu. A bakin iyaka aka kwance, sai ga ƙwayoyin magani fal, babu takarda. Na yi rantsuwa, na kira sunan Allah na kira na Annabi, na ce wallahi ban san abin da ke ciki ba. Ma'aikaciyar ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Madam, wa ya ɗauko jakar?" Na ce ni. Ta ce, "To, naki ne."

Motarmu ta tafi ta bar ni. Na wuni a kan benci kina tsala kuka a bayana, ga zafin rana ga kunya, duk wanda ya wuce sai ya kalle ni kallon mai laifi. Da ƙyar da jiɓin goshi na samu aka sake ni, bayan wani tsohon direba da ya san mahaifinki ya tsaya min. Da na dawo na faɗa wa mai saƙon, sai cewa ta yi ai ita ma ba ta aka yi. Saboda haka abin da idonki bai gani ba kada hannunki ya ɗauka, ko da daga wurina ya fito. Ina jin a wurin aikinku ma haka ne. In wani ya miƙo miki lissafi ya ce ya riga ya duba, ki sa sunanki kawai a wuce, ki ce ya ba ki lokaci ki duba da kanki. In aka ƙera akwatin a kan lissafin ya ƙi aiki, wadda sunanta ke jiki za a nema, kuma "ba ni aka yi" ba ta fitar da mutum.

Kin ce na ɗauki darasi daga nan? Ina! Na daina ɗaukar abin da ban buɗe ba, amma bakina bai koyi a'a ba. Akwai shekarar da Hajiya Memuna za ta aurar da 'yarta, ta kawo min ƙyallen wata atamfa ta ce ita suke so ta zama yayi, duk matan biki su ɗinka. Ina kallon ƙyallen na san an daina buga irinta, na san ko Lome ko Abijan ba zan samu da yawa haka ba. Amma ga ta zaune a ɗakina, ga ruwan da na ba ta ko shanyewa ba ta yi ba, yaya zan ce ba zan iya ba? Na ce insha Allahu. Ta aiko, na ce ana hanya. Ta sake aikowa, na ce an kusa. Sai da biki ya zo bakin ƙofa, teloli suna jira, sannan na je da kaina ina murza hannu. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Barikisu, da kin faɗa tun ranar, da na je wani wuri." Aka yi bikin kowa da kalar da ya samu, kuma mun daɗe gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki ba.

Na zaci ina kare zumunci ne, ashe kaina nake karewa daga kunyar ɗan lokaci. A'a ta ranar farko tana da zafi, amma mutum yana da sauran lokacin da zai nemi wata hanya. Don haka in shugaban aikinki ya ce zai samu abu ranar kaza, kin san ba zai yiwu ba, ki faɗa masa a tsaye a wurin. In an tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ban sani ba tukuna, zan duba. Kada ki ɓuya a bayan insha Allahu kamar yadda uwarki ta yi, sunan Allah ya fi ƙarfin a yi labule da shi.

Babbar asarar kuwa shagona ne na Kejetia, wanda kika taso kika tarar babu. Kin sha jin ina cewa kasuwa ce ta lalace. Kasuwa ta lalace kam, amma da hannuna a ciki. Yau suna a Aboabo, gobe aure a Sawaba, jibi addu'ar wani da ko fuskarsa ban taɓa gani ba, kuma ni ce mai rabon abinci, ni ce mai raka amarya, ni ce mai sasanta masu faɗa. In rufe shago tun hantsi in ce yanzu zan dawo, sai la'asar. Maƙwabciyata a layin, wata Ba'asantiya Anti Akosua, ita ta gaya min gaskiya da Hausarta ta kasuwa wadda ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Hajiya, shago naka ne ko na Zango ne? Kullum suna, kullum awure. Kastoma ya zo ya ga kwaɗo, ya zo wurina. Ni ba zan kore shi ba o." Na ji haushi, na ce a raina me wannan ta sani game da zumunci? Ita ma tana zuwa jana'izarsu, amma ranar Asabar, ta bar ƙanwarta a shago. Har yau tana nan a layin, ta haɗa da nawa ta faɗaɗa. In na bi ta wurin takan ba ni kujera da ruwan sanyi, mu yi hira, in tashi in tafi gida.

Kin ce min in iskar waje ko ɗan danshi ya sami kafa ya shiga akwatinku, sai ya cinye sawun tun bai kai ga waya ba, shi ya sa kuke toshe kowace kafa. To lokacin aikinki ma ki toshe shi haka. Wayarki za ta yi ta ƙara, na san mutanena, ba ruwansu da ko ƙarfe nawa ne a can. Ki kashe ta in kin zauna aiki. Ki ware rana guda a mako ki kira wanda za ki kira, ki gaida kowa da kyau, ki yi dariya, sannan ki koma bakin aikinki.

Kada kuma ki karanta wannan ki ɗauka na ce ki juya wa Zango baya. Kul! Ranar da mahaifinku ya rasu, ban kunna wuta a gidan nan ba har na fita takaba, kwanuka ne ke shigowa ta kowace ƙofa. Kwamfutar farko da kika fara koyon aikin nan a kanta, matan ƙungiyarmu ne suka haɗa hannu suka saya, har da masu cewa karatun mace ya isa haka. Mma Adiza mai kwalaben shiton nan, ita ta riƙa aika miki koko da ƙosai Ayigya lokacin jarrabawa. Zango ta goya ki tare da ni, kuma ba na so ki dawo irin bogan nan, masu dawowa daga Turai, masu toshe hanci in sun zo tsallake kwata. Amma ki duba me ya fi amfanar su. Kwalbar shito ko wa ya kai ta ta isa. Abin da ke kaɗai za ki iya kawo wa unguwar nan shi ne ki zauna a wurin nan ki yi ƙarfi. Tun da labarinki ya bazu, 'yan matan makarantar Malam Sani suke tare ni a hanya suna tambaya wai fiziks ɗin nan da wuya, wai su ma za su iya? Ni me na sani, ce musu nake in kin zo hutu su tambaye ki. Irin wannan saƙon ki ɗauka, ba ya cin wuri a akwati.

Yanzu ga abin da na yi. Da safe bayan kin fita, na kwashe ƙullin nan duka a babban baho, na ɗora a kai kamar mai talla, na bi gida gida ina mayarwa. Rabon da in ɗauki kaya a kai har na manta, wuyana yana nan yana gaya min. Na fara da Mma Adiza don ita ta fi wuya. Ta kalli kwalabenta ta kalle ni, ta ce, "Ei, Hajiya. 'Yarki ya zama boga tun bai hau jirgi ba?" Na ce mata ba ke kika aiko ni ba, ba ki ma sani ba, ni na cire, in da fushi a yi da ni. Na ce akwai masu sana'ar kai kaya Turai, zan raka ta wurinsu da ƙafata. Ta karɓa ba ta ce na gode ba, ba ta kuma raka ni ƙofa ba. Wasu sun yi dariya sun ce da ma gwadawa suka yi. Mai gorar jiƙo ta ce duniya ta canja. Tsohuwa Mma Zenabu kuwa, da na miƙa mata daddawarta, riƙe hannuna ta yi ta sa miki albarka har na ji ƙwalla ta zo min. Na san za a yi kwanaki ana yi da ni a gidajen suna, za a ce Barikisu ta fara ɗaga kai. A yi, bayana ya saba. Duk wanda ya sake tare ki da saƙo kafin ki tashi, ki ce ya zo wurina.

Rigar sanyinki da littattafan sun koma wurinsu. Na sa miki sallaya, da ɗan yaji wanda ni na daka kuma naki ne ke kaɗai, in an tambaya kin san abin da ke ciki.

Saura ƙulli ɗaya, shi ne ya fi ba ni wuya, don nawa ne. Kin tuna tun ranar da takardarki ta zo na ja ki ɗaki na ce in kin zauna ki nema wa yayanki Mubarak hanya shi ma ya bi ki? Kika ce to. Ina tafe da bahon nan a kai ina jin haushin mutane, sai ya faɗo min cewa kafin kowa ya kawo nasa ni na fara ɗora miki, kuma nawa ya fi na kowa nauyi, don na uwa ba a sauke shi. Da na gama rabon ban koma gida ba, na hau trotro zuwa Dichemso, na same shi a shagonsa ya duƙufa yana gyaran wayar wani. Na ce masa ya yi haƙuri, na janye maganar tafiyarsa, kada ya sa rai a kanki. Na shirya ganin ɓacin rai. Sai ya ajiye abin hannunsa ya dube ni, ya ce, "Mma, ni fa ban taɓa cewa ina son tafiya ba. Ke kika ce, na ce to."

Ashe yaron nan yana son shagonsa, yana son ya ƙara kama shagon da ke kusa da shi, har akwai yarinyar da yake so a Ayigya, yana ta ɓoye min don kada ya ɓata min shiri. Na zauna a bencinsa na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun. 'Ya'ya biyu Allah Ya ba ni, duka na koya musu su ce min to, ɗaya na shirin ɗaukar ɗaya zuwa inda ba ya so, don kawai kada a ɓata wa Mma rai. Ya sayo min ruwan kwakwa, muka yi hirar da muka daɗe ba mu yi irinta ba.

Saboda haka na sauke miki wannan, Sahadatu, na sauke har ga Allah. Ba ki da bashin kowa a wuyanki sai na aikinki da na sallarki. Ki je ki gina akwatunanki a kwamfuta, ki gwada, ki kuskure, ki sake gwadawa. Raina yana ba ni za su riƙe ki, don na ga yadda kike mance abinci in lissafi ya kama ki. Ranar da aka ƙera na gaske a kan lissafinki, abin nan ya ratsa ya bar sawu, ki kira ni ki ba ni labari ko ba zan gane ba, ni na san yadda zan faɗa wa matan unguwa.

Allah Ya kai ki lafiya Ya sauke ki lafiya. Ya haɗa ki da shugabanni masu adalci da abokan aiki masu tsoronSa, Ya tsare ki daga sanyin ƙasar da kaɗaicinta, Ya buɗe miki abin da ya rufe wa wasu. Allah Ya jiƙan mahaifinki da bai ga wannan rana ba. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min.

Na taɓa miki kaya ban tambaye ki ba, na kuma yi magana da yawunki a unguwa. In kin gama karantawa ki same ni a madafa. In kin ga na yi daidai, ki zo mu ci tuwo. In kuma akwai inda na wuce gona da iri, ki dube ni cikin ido ki ce, "A'a, Mma." Ki fara da ni, 'yata, don na wurin uwa ne ya fi wuya, in kin iya shi sauran ba za su gagare ki ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mmanki,
Barikisu